Wuyan Tafkin Kawu Ila

Litinin: daga Takur zuwa Jahun

Ladan bai gama gyara murya ba na ji ana dukan ƙofar ɗakina kamar gobara ta tashi a unguwa. Inna ce, mahaifiyata, carbi a hannu ɗaya, ƙullin goro a ɗaya.

"Garba, har yanzu kana kwance? Waɗanda kuka yi niyya tare sun je sun dawo."

Ni tela ne a Takur, cikin Dutse, kuma Allah Ya yi mini yalwar jiki, irin wadda idan zan ɗinka wa kaina riga sai na sallami masu jira na mako guda. Ni ba mai son tafiya ba ne. Amma wannan ba ta da makawa.

Ga abin da ya tashe ni. Inna tana da ƙane guda ɗaya da ya rage mata a duniya, Kawu Ila, masunci a Tudun Masunta, can cikin fadamar Taura. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kuma yanar ido ta rufe shi, har ya kai ba ya bambance mutum da turmi sai an yi magana. To sai ga wasu likitocin ido sun sauka a Dutse suna cire yana, kuma ranar Alhamis za su naɗe kayansu. An samar wa Kawu gurbi. Aka aika masa, ya ce a gaishe su. Aka sake aikawa, ya ce ba zai taso ba, 'ya'yan kifi sun maƙale masa a tafki, sai ya ga sun koma kogi.

"Sai ya gani," in ji Inna, tana tura mini goron a aljihu. "Da wane idon? Ka je ka ɗauko mini shi. In ya ƙi, ka saɓo shi. Wannan jikin naka dai ya yi rana yau."

Ta faɗa da faɗa, amma da na waiwaya daga cikin adaidaita sahu sai na hango ta tsaye a bakin ƙofa tana goge ido da gefen mayafi.

A tasha na sami ƙaramar mota mai zuwa Gujungu, saura mutum biyu ta cika. Ɗan kamasho ya dube ni daga hula har takalmi, ya ɗaga murya: "Direba, ta cika!"

Na ce, "Kai yaro, ni kaɗai ne fa."

"Alhaji, a gidanka kai kaɗai ne. A motarmu ku biyu ne."

Muka kama hanya gari yana ta yin shaa. Kafin Kiyawa muka tarar da shinge. Jami'in ya leƙo, ya ga yadda na cika gaban mota har direba yana canza giya da neman gafara, ya yi dariya ya ce mu wuce, wai motar da ta ɗauki wannan ba ta da wurin ɓoye komai. Gonaki dama da hagu an fara karya gero, dawa ta sunkuyar da kai. A Jahun muka tsaya aka sauke buhuna, ni kuma na sauke koko kofi biyu da ƙosan da zai ishi 'yan gidan biki. Mai ƙosan har addu'a ta bi ni da ita.

Daga Jahun zuwa Tudun Masunta

Bayan Jahun ne tafiyar ta fara yi mini nauyi. Da muka hau gadar kogi na leƙa. Ina yaro, idan Inna ta kawo ni ganin gida a irin wannan lokaci na ƙarshen damina, ruwa ne iyakar ganinka, bishiyoyi tsaye a ciki har wuya. Yau kuwa kogin ya koma cikin kwarinsa, yashi ya fito fari a gefe, sai alamar laka a jikin itatuwa da ke nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa.

Wata dattijuwa a bayana, mai sarin bandar kifi, ta ce, "Ka gani ko? Ya zo a makare, ya tafi da wuri, kamar baƙon da aka ɓata wa rai. Kifin da muke samu yanzu, in ka sa a miya sai ka nemo tocila."

A Gujungu na sauya mota zuwa Taura. Ba ranar kasuwa ba ce, don haka mun ɗan yi zaman jiran fasinja. Daga Taura sai babur. 'Yan acaɓa suka yi cirko-cirko suna kallona, kowa yana duba tayarsa ta baya. Wani mai ƙarfin hali ya ce, "Hau, Baba. In mun isa mun isa."

Mun isa, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan: akwai wani kwari kafin ƙauyen inda kullum a wannan lokaci ake sauka a shiga kwalekwale. Mu da babur muka ratsa shi. Kwalekwalen na nan a kife a kan busasshiyar laka, awaki suna hutawa a inuwarsa.

Hansai ce ta tare ni a zaure. 'Yar Kawu ce, taubashiyata, ita ke kula da shi tun da mahaifiyarta ta rasu.

"Lale da bawan gidanmu! Wa ya aiko ka, ko yunwar Dutse ce ta koro ka? Bari in ɓoye tukunya."

"Ke da Allah rufa mana baki. Ni na zo duba dukiyata ne, ke ma kina ciki. Ina Kawu?"

Sai fuskarta ta canza. Ta nuna gabas da haɓa. "Yana inda yake kullum. Tun safe in kai shi, sai magariba in ɗauko shi. Garba, in ka iya da shi, wallahi na yarda ni ce baiwar."

Bakin tafki

Bayan la'asar Hansai ta raka ni wurin Kawu. Na same shi zaune a kan tushen wata ƙirya, da doguwar gora a hannu, ya ɗaure tsumma a bakinta yana kaɗawa sama-sama. Zalɓe da balbela sun yi layi a ɗaya gefen kamar masu jiran rabon zakka.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya laluba kaina, ya gangaro kafaɗa, ya yi ta lalube bai kai ƙarshe ba.

"Garba ne. Ba mai wannan faɗin a zuriyarmu sai kai. Yaya ta aiko ka."

"Ita ce, Kawu. Ta ce in saɓo ka."

"To zauna ka huta tukuna, sai ka saɓa."

Na zauna. Tafkin bai fi filin ƙwallo ba yanzu, amma daga yadda ciyawa ta kwanta a kewaye ka san kwanan baya ya ninka haka sau da yawa. Ya ce in sa hannu a ruwan. Na sa. Ɗumi kamar ruwan wankan jego. Kafin in cire sai na ji ana tsattsakurar yatsuna. Na duba da kyau. Jama'a, ban taɓa ganin rai da yawa a wuri ɗaya haka ba. Ruwan baƙi ƙirin yake da 'ya'yan kifi, wasu kamar ƙwayar kabewa, wasu kamar ɗan yatsa: karfasa, tarwaɗa masu gashin baki kamar zare, ƙurungu, har da wasu da ban san sunansu ba. Na ce wa Kawu sun fi mutanen Kano yawa.

"Rage kaɗan," in ji shi.

"To sun fi na Dutse."

Ya yi murmushi, sannan ya yi mini bayani a hankali, yana kaɗa gorarsa. Ya ce kifi ba ya haihuwa a tsakiyar kogi, ruwan can yana da ƙarfi da sanyi, kuma manya suna cinye ƙanana. Jira yake kogi ya cika ya malalo fadama. Ranar da ruwa ya fara hawa ciyawa, iyayen sai su biyo shi, su zuba ƙwai a cikin ciyawar burugu da bado. A nan ruwa ba zurfi, rana tana gasa shi, kashin shanun da suka yi kiwo da rani ya jiƙe ya haifar da ƙwari ƙanana, abinci ko'ina, ga wurin ɓuya. Idan ruwan ya zauna wata uku ko fiye, sai su yi ƙwari. Sannan kogi ya fara ja da baya sannu-sannu, su kuma suna jin jan a jikinsu, sai su bi shi ta wata 'yar siririyar hanya da ta haɗa tafkin da kogi, wadda su masunta suke kira wuya.

"A da haka yake," in ji shi. "Yanzu ruwan a hannun mutane yake, can sama inda aka datse shi. Rana ɗaya a sako shi kamar an kifar da tulu, rana ɗaya a ɗauke. Ga ciyawar kacalla ta toshe rabin hanyoyin. Bana iyayen sun samu sun fice. Yaran ne ba su ankara ba. Waɗannan da kake gani, su ne kifin baɗi da na baɗin waccan. In sun mutu a nan, ba mu kaɗai ba, har garuruwan da ke gabas da mu sai sun ji a tukunya."

Na ce, "To Kawu, a buɗe musu wuyan mana. Ni da fartanya, kafin isha'i na haƙa maka hanyar da jirgi zai bi."

Hansai ce ta ja ni gefe ta nuna mini. A daidai wuyan an yi wata ganuwa ta laka, tsayinta ya kai ƙugu, an tare ruwan. A gefen tafkin kuwa, daga ganuwar har can sama, shinkafa ce kore shar, ta yi ciki, ƙafarta a cikin ruwa.

"Ta Baffa Bello ce," in ji ta a hankali. "Da ya ga kogi ya gudu, shi ne ya tare don shinkafarsa ta ƙarasa. In aka fasa, ta bushe. In aka jira ta nuna, kogi ya ƙara nisa, wuyan ya bushe, tsuntsaye sun gama da kifin."

Baffa Bello na san shi. Bafulatani ne da ya zauna ya kama noma, aminin Kawu tun suna samari. Shi ya riƙe kan ragon sunan Hansai.

"To sun yi faɗa ne?"

"Ina fa. Da faɗa suka yi ai da sauƙi. Al'adar nan, mai tafki ne kaɗai yake sara wuya da hannunsa, amma ba ya taɓa ganuwar wani sai mai ita ya ce bismilla. Baba ya san in ya buɗe baki, Baffa zai ce a fasa, ya rasa abincin shekara. Shi ya sa ya ƙi tambaya. Shi kuma Baffa kunya ta hana shi haɗa ido da Baba, har masallaci ya canza. Kuma Baba ya rantsar da ni kada in gaya wa Baffa maganar likitoci."

Da daddare Hansai ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, ta sa 'yar bandar tarwaɗa guda ɗaya ta tura mini ita gabana. Na ci, na kwanta a zaure a kan tabarma biyu da aka haɗa. Sauron garin kuwa, in ka ga ɗaya a Dutse sai ka ɗaure shi ka yi kiwo.

Talata: gidan Baffa Bello

Da safe na sake gwada Kawu ta kowace hanya. Na ce Inna ba ta barci. Na ce likitocin nan hannunsu kamar na mai zare ƙaya, kafin ka ce wash an gama. Na ce in ya warke zan ɗinka masa babbar riga mai aska tara. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Garba, tun kakana ba a taɓa barin yaran tafkin nan sun mutu a hannun mai shi ba. In na tafi aka buɗe mini ido, me zan dawo in gani? Laka da ƙaya?"

Sai na tuna cewa Hansai aka rantsar, ba ni ba.

Gidan Baffa Bello yana bayan gari, tafiyar da mai jiki irin nawa zai kira hijira. Na same shi yana gyaran igiyar maraƙi, dogo siriri, gemu fari tas. Ya sa aka kawo mini fura da nono a ƙwarya, mai sanyi, irin wadda ludayi yake tsayawa a ciki. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi ɗinki, ya tambayi har keken ɗinkin. Kawu ne kaɗai bai tambaya ba.

Na ce, "Baffa, ni fa Kawu na zo ɗauka, ya ƙi."

"Ɗauka zuwa ina?"

Na gaya masa komai: yanar, likitocin, ranar Alhamis. Na ce in aka wuce wannan, sai wani jiƙon, kuma ba wanda ya san ko idon zai jira. A nan kam ban ƙara gishiri ba, don maganar ba ta bukata.

Igiyar ta faɗi daga hannunsa.

"Na san idon ya yi rauni," in ji shi. "Ban san akwai magani a kusa ba. Wato Ila yana zaune yana korar tsuntsaye, idonsa yana tafiya, saboda shinkafata?"

"Ya ce ba zai tambaye ka ba, don ya san abin da za ka ce."

"Ni ma abin da ya hana ni zuwa ke nan. Na san zai ce in bar ganuwata." Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Tsofaffi biyu, ba mai hankali ko ɗaya. Sha furarka, ɗana."

Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da gyara. Na dawo ina ganin na yi aikin banza, na shiga tunanin ta inda zan fara yi wa Inna bayani.

Laraba: wuya

Mun idar da sallar asuba ke nan muna fitowa, Kawu yana riƙe da hannuna, sai ya tsaya cak. Ya karkata kai.

"Garba, kana jin abin da nake ji?"

Ni ban ji komai ba sai zakaru.

"Ruwa ne yake gudu. An fasa ganuwa. Kai ni, maza!"

Ranar na ga tsoho mai ido ɗaya, shi ma a rufe, yana jan ƙato da gudu. Hansai ta biyo mu da zani a hannu. Muka tarar da Baffa Bello tsaye a cikin ruwa har cinya, da fartanya, ya sare tsakiyar ganuwar ya yi mata ƙofa kamar ta shigar mota. Ruwa yana ta ambaliya ta ciki yana ruri, yana cin gefe da gefe.

"Bello! Wa ya aike ka?"

"Ba ruwanka! Ganuwata ce, na fasa abata. Ka tattara ka tafi asibiti!"

"Kashe su za ka yi, Bafillace! In ruwan ya zube lokaci ɗaya, duk na cikin ciyawa a nan za a bar su a kwance. Abin da kogi ya yi musu shi za ka sake yi musu! A toshe, a toshe!"

Na duba gefen tafkin, sai na ga gaskiyarsa. Ruwa ya fara janyewa daga ciyawa, ga ƙananan nan suna ta ƙyalƙyali a kan laka, tsuntsaye har sun fara sauka. Baffa ya yar da fartanya ya shiga tura laka da hannu, amma duk abin da ya zuba ruwa ya tafi da shi. Babu buhu, babu itace, babu ƙyaure a kusa.

Sai Hansai ta dube ni. Ta dubi ƙofar. Ta sake dubana.

"Garba, shiga ka zauna."

"In me?"

"Ka zauna a ciki! Daidai kai ce, kamar an auna!"

Jama'a, ni da nake da shago da yara masu koyon aiki, ni da ake kira Alhaji a tasha, na tuɓe riga na shiga na zauna a ɓarakar ganuwa, na ba tafki baya. Sanyi ya ratsa ni har haƙori. Amma wallahi ruri ya tsaya. Ruwan Jigawa kaf ya taru a gadon bayana yana neman hanya bai samu ba. Baffa da Hansai suka shiga yanko kacalla suna dunƙulawa da laka suna cusawa dama da hagu, mutanen da suka jiyo hayaniya suka zo da buhunan yashi. Wata mata ta tsaya tana salati tana dariya lokaci guda. Yara da mata suka bi gefen tafki da ƙore suna tsince waɗanda suka maƙale a laka suna mayarwa ruwa. Ba duka aka samu ba. Tsuntsaye sun yi karin kumallo ranar, ba zan ɓoye ba.

Da aka gama ɗaure bayana da buhuna, mutum huɗu suka ciro ni, na fito da ƙara kamar an zare murfin tulu. Sannan Kawu ya ce a kai shi. Ya shiga ruwan, ya laluba ganuwar da tafin hannu har ya sami inda yake so, can gefe inda ƙasa ta fi tauri. Ya miƙa hannu.

"Bello, ka yarda?"

"Bismilla, Sarkin Ruwa."

Aka sa masa fartanya a hannu. Ya yi bismilla ya sara, sau ɗaya, sau biyu, ya buɗe 'yar hanya wadda faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba. Ruwa ya fara bi a hankali, ba ruri, sai ɗan sauti kamar ana zuba shayi. Ya gangara ta tsohon wuyan, ya ratsa kacallar da aka sassabe, ya nufi kogi.

Kawu ya tsaya a bakin hanyar, ƙafafunsa a ciki. Da farko ba komai. Can sai ga wani baƙin zare ya taso daga cikin tafki, ya miƙe, ya yi kauri. Suka fara wucewa ta tsakanin ƙafafunsa, ɗaya bayan ɗaya, sannan goma-goma, sannan ba ƙidaya. Ba ya ganinsu. Amma na ga yatsun ƙafarsa suna motsi.

"Ga su nan," in ji shi. "Suna taɓa ni. Ku tafi, ku tafi, Allah Ya raya ku."

Hansai ta juya baya tana gyara ɗankwali wanda ba abin da ya same shi. Ni kuwa laka ce ta shiga mini ido.

Baffa Bello yana tsaye yana kallon shinkafarsa. Ko da wannan 'yar hanya, ruwan zai sauka, kuma kowa a wurin ya san fadamar sama ba za ta kai ba. Ta ƙasa ce kawai za ta sha. Kawu ya lalubo hannunsa.

"Ta saman ta tafi, Bello."

"Na sani. Ta ƙasan ta ishe mu tuwo. Kai dai ka je."

"Aikin bai ƙare ba. Kwanaki zai yi yana ja. Kullum da safe a zurfafa shi da ɗan yatsa, kada a faɗaɗa. In ya toshe a buɗe. A kori tsuntsaye."

Ya ɗaga fartanyar ya miƙa masa. Mutane suka dubi juna, don ba a taɓa jin mai tafki ya ba wani wuya ba, balle wanda ba masunci ba.

"Ni da ko ƙarnin kifi ba na so?" in ji Baffa.

"Shi ya sa na ba ka. Kai kaɗai ne na tabbata ba za ka cinye su ba."

Komawa

Kafin azahar mun kama hanya. Hansai ta wanke ni da ruwa bokiti shida da baƙar magana buhu guda, ta ce daga yau sunana Murfi, kuma in an yi rani za a aiko a ɗauke ni haya. Ta cusa wa Kawu kayansa a jaka, ta riƙe hannunsa ta daɗe ba ta saki ba.

Babura biyu muka ɗauka zuwa Taura, na sa Kawu a bayan wanda ya fi natsuwa, na ce in ya girgiza mini shi sai na zauna masa a kan babur. Daga Taura muka shiga mota, muka sauya wata a Gujungu. Da muka hau gada ya ji ƙarar taya ta canza, sai ya ce direba ya ɗan rage gudu. Ya juya fuskarsa wajen taga, iska tana kaɗa gemunsa.

"Na farkon sun iso nan yanzu?" na tambaye shi.

"Haba Garba. Kifi ne, ba mota ba."

A Jahun na saya masa gurasa da tsire, ya ci rabi ya ƙulle rabi wai na Yaya ne. A shingen Kiyawa jami'in nan ya gane ni, ya ce ya ga na rame. Na ce masa aikin ruwa na je yi. Mun shiga Dutse ana kiran magariba, duwatsun garin sun yi ja, fitilu sun fara kamawa. Inna tana bakin ƙofa, kamar tun ranar Litinin ba ta motsa ba. Ta buɗe baki za ta fara faɗa, ya ce, "Yaya," sai ta bar faɗan ta kama hannunsa ta ja shi ciki.

Alhamis da sassafe aka shiga da shi, yana cikin na ƙarshe da aka yi wa. Juma'a da safe aka cire auduga. Ina tsaye, Inna tana zaune a gabansa ta ƙura masa ido. Ya yi ta ƙifce-ƙifce, hawaye yana zuba, ya ɗaga hannu ya kare haske. Sannan ya tsaya a kan fuskarta. Ya daɗe yana kallo.

"Yaya," in ji shi, "ashe haka kika tsufa ba wanda ya gaya mini?"

Ta ɗaga carbi kamar za ta make shi, sai ta kama kansa ta rungume, suna dariya suna kuka, har ma'aikaciyar jinya ta ce a yi a hankali kada a taɓa idon.

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya, ni da abin da aka aike ni ɗaukowa. Ina gode wa direbobi da 'yan acaɓan da suka ɗauki nauyina, da mutanen Tudun Masunta da suka ciro ni daga laka, da Hansai duk da bakinta. Baffa Bello kuwa, wanda a yanzu haka yake bakin tafki yana korar zalɓe daga kifin da ba zai ci ba, kusa da shinkafar da ba zai girba ba, Allah Ya mayar masa da ninkinta.